Takobin Straumli Mai Lanƙwasa Biyu

Taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne daga ƙofar gidanmu zuwa maƙerar Kawu Torjus. Na fara ƙirga su ina 'yar shekara bakwai, lokacin kuwa sun haura ɗari shida, don ƙafafuna gajeru ne. Shekara shida ke nan ba a hura wuta a maƙerar ba, amma har yau nakan bi hanyar, kuma bakina kan ƙirga ko ban sa shi ba.

Sunana Jorunn. Tankar madara nake tuƙawa a kwarin nan namu, gonaki talatin da takwas a zagaye ɗaya. Da na fara aikin, saba'in da ɗaya ne. Torjus yayan mahaifiyata ne, maƙeri ɗan maƙeri a ƙauyen Straumli, inda kwalta ke ƙarewa a gindin dutse. Gajere ne mai faɗin ƙirji, girarsa ta hagu ta ƙone tun yana saurayi ba ta sake fitowa ba. Kofi tara yake sha a rana. Magana kuwa, idan ya yi jimla goma daga safe zuwa yamma to ranar ya yi surutu. Matarsa Anlaug ce ke yi musu magana su biyun, kuma ba ta taɓa cewa aikin ya yi mata yawa ba.

Ya fara ƙira da takalman dawaki da lauje da bakin garma. Da dawaki suka ƙare a kwarin, tarakta ta shigo, sai ya koma gyaran ƙarafan masu fasa dutse a aikin hanya. Da wannan ma ya ƙare, ya yi shekaru yana ƙera maratayin fitila da ƙarfen ƙofa wa mutanen birni masu gidajen hutu a kan tsauni. Sai wata bazara wasu samari masu gemu suka zo, irin waɗanda ke sa kayan zamanin Viking, wato mayaƙan teku na da can, suna kafa tanti a kasuwannin bazara, suka tambaye shi ko zai iya ƙera musu takobi irin na kakanni. Ya dube su ya ce su dawo bayan shekara. Suka ɗauka korarsu ya yi. Da suka dawo, takobi na jiransu a kan benci.

Talatin da ɗaya ya ƙera a rayuwarsa kafin wanda zan ba da labarinsa. Na san inda ashirin da shida suke. Dukkansu miƙaƙƙu ne, suna sheƙi, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya kwaikwayi takobin Straumli, wanda ya fito daga gonarmu. Kowa a kwarin ya san dalili, shi ya sa ba a tambayarsa.

A kakar 1959 kakana Gunstein yana huɗa a gefen wani ɗan tudu da ke bayan rumbu, garma ta ciro wani ƙarfe. Torjus na da shekara goma sha takwas, shi ya tsugunna ya ɗauko shi da hannu biyu. Takobi ne na zamanin Viking, tsatsa ta ci shi amma bai rabu ba, da sauran azurfa a mariƙinsa. Sai dai a lanƙwashe yake, wuri biyu, kamar an naɗe shi. Doka ce duk abin da ya fito daga ƙasa mai irin wannan shekaru a miƙa shi gidan tarihi na birni, kuma Gunstein ba mai karya doka ba ne. Ya aika musu wasiƙa, suka ce mutuminsu zai zo ranar Laraba.

Ranar Talata ya zauna yana kallon takobin. Abin da ya dame shi ɗaya ne: a ce daga gidan maƙeri aka kai birni ƙarfe a karkace. Ya ɗauka nauyin ƙasa ne ya lanƙwasa shi, ko garmar wani kakansa. "Za su ce babu maƙeri a Straumli," in ji shi. Ya hura wuta, ya riƙe takobin da awartaki, ya miƙa wa ɗansa guduma ya ce ya buga a hankali. Bugu huɗu Torjus ya yi. A na huɗun takobin ya rabu gida uku.

Mutumin birni ya zo Laraba da jakarsa. Bai yi faɗa ba. Ya dai bayyana musu cewa da gangan aka lanƙwasa shi: idan mai takobi ya mutu, danginsa sukan sa takobin a wuta su naɗe shi, su binne su tare, don kada wani hannu ya sake ɗaukarsa. Ya tambaya ko sun ɗauki hoto kafin su taɓa shi. Babu mai na'urar hoto a Straumli a lokacin. Ya naɗe gutsuren ukun a takarda, ya ce, "Shekara dubu da ɗari yana kwance lafiya." Ya ƙi shan kofin da kakata ta zuba masa.

Gunstein bai sake ambatar takobin ba har ya rasu. Torjus ma haka. Yadda lanƙwasar take, ta wane ɓangare ta karkata, a ina ta fara, babu inda ta rage a duniya sai cikin kan mutum ɗaya da tafin hannunsa.

A kakar 2015 na lura Anlaug ta daina cika masa kofi. Rabi take zubawa, sau biyu. Kwana uku na yi ina kallo kafin na ga dalili: idan ya ajiye hannun dama a kan tebur, sai ya kama rawa shi kaɗai.

"Me likita ya ce?" na tambaye ta a ɗakin girki.

"Ya ce shekara ɗaya yana iya riƙe guduma, wataƙila ɗaya da rabi. Shi kuma kawunki ya ce likitan yaro ne, bai san guduma ba."

Ni ce sakatariyar kwamitin zauren taron ƙauye, kuma a watan Yuni mai zuwa zauren zai cika shekara ɗari. Mun yi zama biyar ba mu tsayar da abin da za a nuna ba, sai tsofaffin hotuna da wata tukunyar cuku. Ban jira zama na shida ba. Na bi takuna ɗari huɗu da sha biyu na same shi yana share uwar maƙera.

"Kawu, wata takwas ya rage. Takobi yana ɗaukarka wata biyar. Akwai rarar uku."

"Wane takobi?"

"Ka san wanne."

Ya ci gaba da shara. Anlaug ta leƙo ta taga, don ba a yin magana a gidan nan ba da ita ba.

"Ka amsa wa yarinya mana. Kana ta yi wa baƙi takubba, na gonarku kuma shekara hamsin da shida kana zagaye shi kamar mai zagaye kare."

Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, amma a bakin Anlaug yarinya nake.

"Hannuna ba zai ɗauki babbar guduma ba," in ji shi.

"Ni zan ɗauka. Tiyon madara nake ja sau talatin da takwas a rana."

Ya dubi damatsana kamar mai sayen doki. "Madara ba ta ramawa," ya ce. "Ƙarfe yana ramawa." Sai ya rataye tsintsiyar ya ce in nemo mana ranar zuwa birni.

Awa huɗu da minti goma muka yi a mota. Wata mata mai suna Eldrid, wadda ke kula da kayan ƙarfe a gidan tarihin, ta sauka da mu ɗakin ajiya ta jawo aljihun tebur na goma sha huɗu. Ga su nan a kan farin ƙyalle, baƙaƙe, gutsure uku. Kawu ya cire hularsa. Eldrid ta miƙa masa safar hannu ya girgiza kai, ya sa hannayensa a baya.

Ni kuwa na fito da abin awona. Santimita ashirin da tara, ashirin da bakwai, talatin da biyar: casa'in da ɗaya ke nan. Eldrid ta nuna mana hoton da aka ɗauka da na'urar da ke ganin cikin ƙarfe. Tsakiyar takobin sanduna uku ne, kowace an yi ta da falle bakwai na ƙarfe mai taushi da mai tauri, an murɗa ta, sannan aka haɗa su da wuta aka zagaye su da ƙarfen kaifi. Na rubuta komai. Da na fara karanta wa Kawu tsawon gutsuren sai ya ɗaga mini hannu.

"Riƙe lambobinki."

Eldrid ta ce, "Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka gan shi kafin ya karye. Za ka iya zana mana yadda yake?"

Ta ba shi fensir da takarda. Ya gwada sau uku. Hannun ya ƙi, abin da ya fito kamar tana ce ta bi ta kan takardar. Ya ajiye fensir ɗin a hankali.

"Hannun ya san shi," ya ce. "Ba da wannan abin ba ne dai."

Na ji maganar, na ɗauka ta'aziyya yake yi wa kansa. Hankalina na kan hanya, don ina so mu wuce tsauni kafin rana ta faɗi.

Mun fara ranar biyu ga Nuwamba. Nakan gama zagayen madara da ƙarfe ɗaya, in ci burodi da cuku a cikin mota, ƙarfe ɗaya da rabi ina maƙera. Akwai injin bugu a kusurwa, ya ce ba za a taɓa shi ba: wanda ya yi na farkon ba shi da inji. Shi yake riƙe awartaki da ƙaramar guduma, inda ya taɓa da ita nan nake sauke babbar. Wani abin mamaki, da zarar ya kama awartaki rawar hannun takan tsaya cak. Sai ya ajiye take dawowa.

"Kina bugu kamar mai kashe ɓera," ya ce mini a makon farko. "Ki bar gudumar ta faɗo da kanta, nauyinta ya fi naki hankali."

"Sau nawa zan buga a nan?"

"Har ya yi."

"Har ya yi ɗin sau nawa ne?"

"Anlaug," ya ɗaga murya, "zo ki ɗauke mini wannan akawun."

Sanduna biyu muka ɓata kafin Kirsimeti. Ta farko ban yi saurin bugu ba, ƙarfen ya huce bai kama ba. Ta biyu shi ya bar ta ta daɗe a wuta ta ƙone, ya tsaya yana kallon tartsatsin, na ga a fuskarsa yana lissafin ƙarfin da ya rage masa. Ba ya ƙirga da lamba, amma yana ƙirgawa. Daga nan muka daidaita. Yakan watsa farin yashi a kan ƙarfen, ya jira launin da yake so, wanda ya ce kamar man shanu ne na watan Yuni, sai ya ciro, ni kuma in sauke. Sau ɗari uku da arba'in da shida ƙarfen nan ya shiga wuta ya fito. Ƙanƙara ta kai gwiwa a waje, mu muna aiki da ƙofa a buɗe, riga ɗaya a jiki.

Ƙarfe uku Anlaug kan shigo da tulun kofi da waina mai zafi da cuku mai ruwan ƙasa. Mu zauna a kan kututture uku. A irin wannan zaman ne kawai yakan yi magana. Ya ba ni labarin dawaki goma sha tara da ya taɓa sa wa takalmi a yini ɗaya kafin wani bikin aure, da yadda babansa ke gane wanda ke tafe daga ƙarar keken dokinsa. Ya lissafa mini gidajen da a da hayaƙi ke fita daga cikinsu a gefen tsauni, yanzu sai masu hutu. Ni na san su, don na daina tsayawa a ƙofarsu ɗaya bayan ɗaya.

A watan Maris aka gama ruwan takobin, aka goge shi da magagari da dutse, ya tsoma shi a mai ya taurare, bai karkace ba. Ya kwantar da shi a kwami ya zuba ruwan tsami. Bayan awa biyu da ya wanke shi, zanen ya fito a tsakiya, layi uku suna tafiya kamar ƙashin bayan kifi, wani wuri kamar ruwan rafi idan ya bi kan tsakuwa. Na taɓa ganin irinsa a takubbansa na baya, amma ban taɓa ganin wanda akwai buguna a ciki ba.

Saura mariƙi. Na ainihin an yi masa ado da siraran wayoyin azurfa da na jan ƙarfe, an dasa su cikin ƙananan tsagogi. Wannan aikin yatsu ne, yatsunsa kuwa sun riga sun tafi. Kwana biyu ya yi yana gwadawa a ɓoye. A na ukun Anlaug ta shigo da tabarau da wata tsohuwar jakar fata. 'Yar maƙeran azurfa ce, ta yi wa matan kwarin nan adon kayan gargajiya kafin ta yi aure.

"Matsa, tsoho. Kana tsinka mini waya kamar akuya a lambu."

"Wa ya ce miki na kasa?"

"Shara ta gaya mini. Ni nake share ta."

Tsagogi ɗari biyar da tamanin ta cike cikin mako shida, yana zaune a gefenta yana riƙe mata fitila, tana faɗa masa ya karkatar da hasken.

Ni kuma ina ta nawa shiri. Na sa kafinta ya yi akwatin gilashi, tsawo santimita ɗari da goma, faɗi ashirin da biyar, zurfi goma sha biyu. Na ɗauki hoton takobin a kan fatar tunkiya na buga sanarwa sittin, na manna a kowace gona da nake tsayawa da shagon ƙauye da ƙofar coci. Na shawo kan Eldrid ta nemo izinin kawo gutsuren ukun na yini ɗaya. Takobin ya fito casa'in da ɗaya daidai, kilo ɗaya da giram ɗari da sittin. Awa ɗari huɗu da bakwai na aiki. A ganina an gama, har da rarar kwana tara.

Ranar Asabar da safe na zo ɗaukarsa in gwada shi a akwatin. Tun daga taku na ɗari uku na ga hayaƙi. Na shiga na tarar da wuta ta kama sosai, takobin na kan benci, an naɗe mariƙinsa da jiƙaƙƙen tsumma. Anlaug na zaune a kan kututturenta, hannu a cinya, ba ta ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba.

"Kawu, me za a sa a wuta?"

"Ba a gama ba."

"An gama. Na auna."

"Kin auna takobin wani. Na Straumli ba haka yake ba."

Sai a lokacin maganar fensir ta dawo mini. Na zauna a kan bokiti.

"Za ka lanƙwasa shi."

"Ke za ki lanƙwasa. Ni riƙewa zan yi."

Na yi masa lissafi, don shi na iya. Awa ɗari huɗu da bakwai. Sanarwa sittin da hoton miƙaƙƙen takobi. Akwatin da zurfinsa goma sha biyu ne kacal. Mutum ɗari biyu da za su zo ganin abu mai sheƙi. Ya saurare ni har na gama.

"In ya karye fa?" na ce. "Haɗin sandunan nan zai iya buɗewa, kai ka gaya mini. In ya karye ba ka da wani a hannunka."

"Ba ni da."

"To don me?"

Ya gyara garwashi da ƙarfe kafin ya amsa. "Talatin da ɗaya na yi miƙaƙƙu. Kowane maƙeri mai haƙuri zai iya. Wannan lanƙwasar wani ya yi wa babansa ita, ko ɗansa, a bayan rumbunmu. Ni na ɓata masa. In na tafi da ita a kaina, ta tafi ke nan."

Na dubi Anlaug. "Inna, ke ba za ki ce komai ba? Tsagoginki ɗari biyar da tamanin."

"Ba a mariƙi zai lanƙwasa ba," in ji ta. "Kuma tun daren aurenmu nake jin labarin bugu huɗun nan, ko da bai faɗa da baki ba. Tashi ki kama, 'yar nan, kafin gawayi ya ƙare."

Na tashi. Na zaro abin awo da takardar da na rubuta lambobin gidan tarihi, don na san inda na ainihin ya karye nan ne inda aka lanƙwasa shi.

"Mayar da shi aljihu."

"Kawu, ina da lambobin a nan. Minti ɗaya."

"Ban tambaye ki ba."

Ya ɗauki takobin da hannu biyu, ya rufe ido, ya tsugunna kaɗan kamar mai ɗaukar abu daga huɗa. Hannunsa na dama ya zame a kan ruwan takobin ya tsaya. Ya sa alli a wurin babban yatsansa. Na hagu ya zame ya tsaya, ya sake sa alli. Sai ya sa wuri na farko a wuta.

Ban ƙirga komai ba a wannan jiran, kuma ban san minti nawa ya ɗauka ba. Ƙarfen ya yi ja, sheƙin da muka sha wuya a kansa ya baƙanta ina kallo. Ya ciro shi ya ɗora a ƙahon uwar maƙera, ya danne da awartaki, ya nuna mini da haɓa in kama bakin da babban awartaki.

"Ja zuwa gare ki. Kada ki fizga. Kamar kina juya tanka a ƙaramar kwana."

Na ja. Ƙarfen ya biyo ni kamar ƙullu mai tauri. Ya wuce rabi sai na ji ƙas. Na daina ja. Kawu bai ko ɗaga kai ba.

"Ɓawon wuta ne ya fashe. Ci gaba, yana hucewa."

Na ci gaba har ya ce ya isa. Ya duba bayan lanƙwasar da kyau, ya shafa da tsinken ƙarfe, babu tsaga. Wuri na biyu ya fi wuya, don ya ce ta ɗaya ɓangaren za a mayar da shi, kuma a ɗan murɗe, bakin ya kalli sama kaɗan. Sau biyu ya mayar da shi wuta. Ya ce in ƙara, in ƙara, in dakata, in koma baya da faɗin yatsa. Sannan ya ɗauke shi ya ajiye a kan yashi, muka tsaya mu uku muna kallonsa yana hucewa, baƙi, a naɗe, tsawonsa bai fi na hannuna ba.

Ya ajiye awartakin, hannun ya kama rawa. Ya zauna a kan kututture.

"Shi ne," ya ce.

Anlaug ta zuba kofi. Ta cika masa har baki, ban sani ba ko mantuwa ta yi. Ya zubar da kusan rabi a wandonsa.

Da suka shiga gida cin abinci na koma da zare da abin awona. Na bi lanƙwasar da zaren na miƙe shi a kan benci. Ta farko: ashirin da tara. Ta biyu: hamsin da bakwai, na gidan tarihi hamsin da shida. Na bi shi ɗakin girki na gaya masa. Yana ɓare dankali bai ɗago ba.

"Santimita ɗayan nan na mai ja ne," ya ce.

Ranar bikin mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka shigo zauren. Takobin bai shiga akwatin ba, sai muka shimfiɗa fatar tunkiya a kan tebur. Wasu sun zo da sanarwata a hannu suna duba hoto suna duba tebur. Wani makwabcinmu, Bjug, ya ce da ƙarfi, "Jorunn, tankarki ce ta bi ta kansa?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Eldrid ta iso da ƙaramin akwati. Ta tsaya ta daɗe tana kallon abin da ke kan fatar. Sai ta sa safar hannu ta fito da gutsuren ɗaya bayan ɗaya. Ashe kakana bai gama miƙar da su ba kafin su karye, bakin kowane gutsure yana da sauran ɗan karkata. Ta jera su a gefen sabon, tana bin lanƙwasar. Na farko ya bi. Na tsakiya ya bi. Na ukun ta juya shi sau biyu bai zauna ba, sai ta ɗan ɗaga bakinsa sama, ya zauna.

"A murɗe yake," ta ce a hankali. "Ba mu taɓa sani ba."

Ta nemi izininsa ta ɗauki hoto. Goma sha ɗaya ta ɗauka. Kawu yana tsaye da rigarsa ta coci, hula a hannu. Da ta gama ya matsa kusa ya ce mata, "Akwai kofi." Ta ce tana so, ta sha biyu.

Bai sake hura wuta ba. Ya yi shekara uku yana zama a kan benci a ƙofar maƙera, yana ɗaga mini hannu idan tanka ta wuce, ya rasu a watan Afrilu ƙanƙara na narkewa. Akwatin gilashina yana bayan gidansu, Anlaug na renon irin tumatir a ciki, ta ce bai taɓa yin amfani irin na yanzu ba. Mabuɗin maƙerar yana wurina. Kututture ukun suna inda muka bar su.

Takobin yana zauren, a cikin wani sabon akwati mai zurfi talatin. Sau biyu a shekara nakan buɗe in shafa masa mai. Yaran makaranta kan zo, kuma a kowane aji sai an sami wanda zai tambaya wa ya lalata shi. Nakan ce babu wanda ya lalata shi, sai da ya zama haka aka gama shi. Sannan in nuna musu lanƙwasa ta biyu, in ce wannan ta kauce da santimita ɗaya, kuma ni ce na ja.